Wuƙar Aiki da Wuƙar Ado

Wanda ya zaga kasuwar Tireshbil a Abijan zai ga wuƙa iri biyu. Ɗaya tana hannun mahauci, baƙin ƙarfe da mariƙin itace, ta sha washi har ta rame. Ɗayar tana shimfiɗe gaban masu kayan gargajiya, tare da takubba irin na Buzaye, cikin kube na jar fata mai zane.

Ta biyun ta fi ɗaukar ido, ita kuwa Turawa masu tara irin waɗannan kaya suke nema. Amma zare ta ka duba. Sau da yawa ƙarfen bai sha wuta sosai ba, bakin ba ya riƙe kaifi. Baduku ya yi aikinsa, maƙeri ya yi ha'inci. Mafi muni, akan bar sabuwa ta yi tsatsa, a turara kuben da hayaƙi, a ce ta kaka da kakanni ce. Christopher Steiner, a littafinsa na 1994 kan fataucin kayan gargajiya a Abijan, inda Hausawa ke cikin manyan dillalai, ya nuna yadda ake tsofar da sabon kaya.

Ado ba laifi ba ne, maƙeran Agadas sun daɗe suna haɗa kyau da kaifi. Ƙaryar ce laifi. Mai saye ma yana da nasa kaso, tun da shi ya raina sabon aiki, ya ce sai tsoho. Amma maƙerin da ya saba ƙera wuƙar da ba ta yanka, wace sana'a zai bar wa ɗansa?