Mazhabobin Ilimin Halayyar Ɗan Adam: Me Za Mu Ɗauka, Me Za Mu Bari?

 

Ƴan uwa, a tsakaninmu akwai mutane kashi biyu game da ilimin halayyar ɗan Adam, wanda Turawa ke kira saikoloji, Larabawa kuma ilmun nafsi. Kashi na farko da zarar sun ji sunansa sai su ce kafirci ne. Kashi na biyu, yawanci ƴaƴanmu da suka shiga jami'a, duk abin da ke cikin littafin sai su haɗiye shi kamar wahayi. Duka biyun ba su tsaya sun duba tarihinsa ba. Ilimin nan mazhabobi ne masu saɓani da juna, kuma kowace ta kama gaɓa ɗaya ta ɗan Adam ta ce ita ce mutum gaba ɗaya.

Littattafan makaranta sukan fara labarin daga shekarar 1879, lokacin da Wilhelm Wunt ya buɗe ɗakin gwaji a birnin Laifzig na Jamus. Yana auna saurin amsawar mutum ga ƙara ko haske, yana sa waɗanda ya horar su bayyana abin da suka ji a ransu. Gaskiya ne daga nan aka fara awo da gwaji a tsare. Amma a ce daga nan aka fara nazarin rai, wannan kam zalunci ne ga tarihi. Abu Zaidin Balkhi, wanda ya rasu a 934 miladiyya, ya rubuta Masalihul Abdani wal Anfus. A ciki ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke faɗo wa mutum haka kawai daga jiki, ya ce na biyun yana buƙatar magani. Wannan kusan shekara dubu ke nan kafin Wunt.

Mazhabar da ta fi suna ita ce ta Sigmund Furoyid, likita a birnin Biyana. Shi ya yaɗa ra'ayin cewa yawancin abin da ke motsa mutum a ɓoye yake, mutum bai sani ba, kuma tushensa sha'awa ce da abin da ya same shi yana yaro. To, cewa ƙuruciya tana barin tabo, ai duk uwa ta san haka. Matsalar tana wurin hujja. Masanin falsafa Kal Fofa ya nuna cewa ra'ayin Furoyid babu yadda za a gwada shi: in ka yarda sun ce ka tabbatar, in ka musa sun ce musun naka ma alamar dannewa ce. A littafinsa na 1927 kuma ya ɗauki addini a matsayin ruɗu da ɗan Adam ya ƙirƙiro don neman mai kāre shi, kamar yaro da ubansa. Wannan bai fito daga ɗakin gwaji ba, aƙidarsa ce. Ina jan hankalin ɗalibanmu da ke cewa "mai tsawatarwa" na Furoyid shi ne nafsul lawwama. A wurinsa wannan muryar iyaye ce da al'umma da yaro ya haɗiye, babu wani abu sama da haka. Kamannin suna kawai ne.

Sai mazhabar ɗabi'a ta zahiri. Iban Fabulof na Rasha ya nuna cewa kare zai iya koyon dalalar da yawu da jin wata ƙara, in an saba haɗa ta da abinci. A 1913 Jon Watson na Amurka ya ce a daina maganar rai da tunani, a tsaya ga abin da ido ke gani. A 1920 shi da abokiyar aikinsa suka koya wa wani jariri tsoron farin ɓera, ta hanyar buga ƙarfe a bayansa duk lokacin da ya taɓa shi. Sikina kuma ya yi aiki da ɓeraye da tattabaru a kan lada da horo. Nan akwai amfani na gaske, har ga malamin allo: yabo nan take a kan daidai ya fi bulala dasa ɗabi'a mai ɗorewa. Amma mutumin da aka cire masa niyya, me ya rage? Kun ga a wurinmu niyya ita ke raba mai sadaka don Allah da mai riya, alhali hannunsu abu ɗaya ya yi. Ko a cikinsu ma, Nowam Comski ya nuna a 1959 cewa lada da horo ba su isa su bayyana yadda yaro ke koyon harshe ba.

Abraham Maslo da Kal Rojas suka zo suka ce mutum yana da zaɓi da daraja. Madalla. Sai dai matakalar buƙatun Maslo ta 1943 ta sa abinci a ƙasa, cikar burin kai a ƙoli, kamar mai yunwa ba ya iya neman abin da ya fi cikinsa. Mai azumi da almajirin da ya bar gida don karatu sun isa amsa.

Wadda ta fi tsayawa a gaban gwaji ita ce mazhabar tunani. Aron Bek, a shekarun 1960, ya lura cewa masu ciwon damuwa suna da wasu tunane-tunane da ke zuwa musu kai tsaye, kamar "ba ni da amfani", kuma in an koya musu tuhumar waɗannan tunanin sukan samu sauƙi. Balkhi ma ya ba da shawarar a tanadi kyawawan tunani lokacin lafiya, yadda ake ajiye magani a gida. Malam Malik Badri, ɗan Sudan da ya rasu a 2021, shi ya fassara wannan sashen littafin zuwa Ingilishi. Tun 1979 ya yi kira ga masana Musulmi su raba abin da gwaji ya tabbatar da abin da falsafar mai shi ta cusa.

Ko gwajin ma a karɓe shi da hankali. Wani bincike na 2008 ya gano kashi 96 cikin ɗari na mutanen da aka yi nazari a kansu a manyan mujallun fannin daga ƙasashen Yamma suke. A 2015 kuma aka sake gwaje-gwaje 100, waɗanda suka maimaita sakamakonsu ba su kai rabi ba.

Abin da ke gabanmu babba ne. Akwai matar da ta haihu ta daina barci da cin abinci, ana ce mata raunin imani ne. Akwai saurayin da ya daina magana, ana ta yi masa ruƙiya kaɗai har lamarin ya ta'azzara. A yi addu'a, a kai su ga likita. Ɗalibinmu kuma, duk maganar da ya karanta, ya tambaya: wannan an gwada ta ne, a kan su wa, ko kuwa ra'ayin marubucin ne? Wadda aka gwada a amfana da ita, ra'ayi kuma a auna shi da ma'aunin shari'a.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙara mana ilimi mai amfani. Wallahu a'alam.