Muryar Mai Ba da Labari Tsakanin Littafi da Fim: Nazarin The Hunger Games

Wannan takarda za ta duba abin da ke salwanta idan aka juya ƙagaggen labari zuwa fim, ta hanyar nazarin The Hunger Games, wanda Suzanne Collins ta Amurka ta wallafa a 2008, Gary Ross kuma ya ba da umarnin fim ɗinsa a 2012. Dalilin zaɓensa shi ne, a ajin adabi da nake koyarwa a nan Katsina na tarar ɗalibai da dama sun kalli fim ɗin a wayoyinsu, amma da wuya a sami wanda ya buɗe littafin. Da na tambaye su jigonsa sai suka ce jarunta da soyayya. A ganina jigon littafin zalunci ne, yunwa kuma ita ce makaminsa.

Labarin ya gudana ne a wata ƙagaggiyar ƙasa, Panem, inda babban birni ke tatsar gundumomi 12. Kowace shekara akan ƙarbi yaro da yarinya masu shekara 12 zuwa 18 daga kowace gunduma, a zuba su 24 a fage su yi ta kashe juna har ya rage saura ɗaya, ana nunawa a talabijin. Wanda gidansu ba abinci yana iya karɓar hatsi da mai, amma sai a ƙara sa sunansa cikin ƙuri'a. Ke nan ɗan talaka ya fi kusa da mutuwa. Marubuciyar ta yi wa wannan tsari bayani filla-filla, fim ɗin kuwa taɓa shi kawai ya yi ya wuce.

Babban bambancin yana wajen salo. A littafin, tauraruwar, Katniss, 'yar shekara 16, ita ke ba da labarin da bakinta. Saboda haka mai karatu ya san cewa soyayyar da take nuna wa Peeta akwai dabarar neman tallafin 'yan kallo a ciki, har ita kanta ta kasa rarrabe gaskiya da wasa. Fim ɗin ya cire wannan murya. A madadinta ya kai mu ɗakin masu sarrafa wasan da lambun Shugaba Snow, wuraren da Katniss ba ta gani ba a littafin. Sai mai kallo ya wayi gari a kujerar mutanen birnin, yana jin daɗin abin da littafin ke la'anta. Ba na ɗora wa ɗalibaina laifi. Abin da aka nuna musu suka faɗa.

Dubi kuma mutuwar Rue. A littafin, mutanen gunduma ta 11, duk da talaucinsu, sun aika wa Katniss burodi don godiya. Fim ɗin ya maye gurbin wannan da tarzoma. Tarzoma ta fi cika ido, amma burodin ne ya dace da jigon yunwa.

Ba dole ne fim ya yar da muryar ba, kuma muna da misali a gida. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina, ya fito a 1934, shi ma labarin yaro ne da aka raba da uwarsa, daga bakinsa. Da Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976, sai ya bar Shaihu zaune gaban almajiransa, suna tambayarsa asalinsa, yana ba su labarin bautar da ya sha.