Koyarwa Mai La'akari da Ɗalibi: Sharhi Daga Ƙasar Birnin Gwari

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce yin sharhi a kan hanyar koyarwar da ake kira mai la'akari da ɗalibi, wato wadda ake so yaro ya yi tambaya, ya gwada da hannunsa, ya gano abu da kansa, malami kuwa ya zama jagora. Mun zaɓi ƙasar Birnin Gwari ta zama ma'auninmu, domin hanyar da ta ɗore a wurin da makaranta ta sha wuya irin haka, ba ma shakkar ɗorewarta a sauran wurare.

2.0 Asalin Hanyar

Masana kan danganta wannan ra'ayi da John Dewey na Amurka da Maria Montessori ta Italiya. Daga baya Paulo Freire na Burazil ya soki koyarwar da ta mai da yaro tamkar asusu, malami yana ta zuba masa bayani don ya fasa ranar jarrabawa. A nan gida kuwa, tun farkon shekarun 1970 Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello ta gudanar da shirin kyautata ilmin firamare a jihohin Arewa bisa wannan turba. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta amince da ita, shirin ESSPIN kuma ya sake ɗauko ta a jihohi shida, har da Kaduna, daga 2008 zuwa 2017. Ke nan hanyar ta haura shekara hamsin a hannunmu. Abin tambaya shi ne, me ya hana ta kama ƙasa?

3.0 Inda Gizo Ke Saƙar

3.1 Na farko, an ɗauki siffar hanyar an bar ruhinta. Malami yakan komo daga bita da abu uku: a jera yara rukuni-rukuni, a liƙa kwali a bango, a tafa wa wanda ya ba da amsa. Sai a juya benci, amma darasi yana nan yadda yake, malami ya faɗa, aji ya amsa baki ɗaya. Dalili kuwa a fili yake. Malamin da zai bari a yi masa tambaya dole ya fi mai karanto allo sanin darasinsa. A 2017 gwamnatin Kaduna ta jarraba malaman firamare kusan 33,000 da tambayoyin aji huɗu, 21,780 suka kasa samun kashi 75 cikin ɗari. Ko mene ne ra'ayinmu game da korar da ta biyo baya, bitar 'yan kwanaki ba ta cike irin wannan giɓi.

3.2 Na biyu, harshe. Yaro ba ya jayayya ko neman hujja cikin harshen da bai mallaka ba. A Birnin Gwari akwai Hausawa da Gwari da Kamuku da Fulani, Hausa ce ta haɗa su a kasuwa da filin wasa. Gwajin shekara shida da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna cewa koyarwa da harshen uwa ba ta tauye yaro ko a Ingilishi. Duk da haka, a Nuwamban 2025 Ministan Ilmi ya ba da sanarwar soke manufar 2022 ta koyarwa da harshen uwa. A ganinmu, a ce wa ɗan Randagi ko Kuyello ya faɗi ra'ayinsa, sannan a ɗaure masa harshe, ba shi ne da hannun dama a karɓe da na hagu.

3.3 Na uku, littattafan jagorar malamai sun ƙaddara yaron da ya shiga aji ɗaya ya zarce ba yankewa. Ɗan Birnin Gwari ba haka ya taso ba. A ranar 15 ga Maris 2021 'yan bindiga suka sace malamai uku a firamaren Rama. A ranar 7 ga Maris 2024 aka kwashe ɗalibai a Kuriga, cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, a kan hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari. An yi sulhu a Nuwamban 2024, aka sake buɗe kasuwar kara, amma yaron da gudun hijira ya ci masa shekaru bai dawo da su ba. Idan aka zaunar da shi a aji bisa shekarunsa, aka bi manhaja mako-mako, an yi la'akari da manhaja ne, an manta da shi.

4.0 Abin da Ke Hannunmu

Mun saba kallon makarantar allo a matsayin kishiyar wannan hanya. Lalle akwai bulala da hadda ba tare da fassara ba, ba kuma ma kare su. Amma mu dubi tsarinta. Kowane almajiri da allonsa da inda ya tsaya. Ba a wanke masa sai ya biya daidai, ba a kuma tsare mai hazaƙa don jiran wani, gardi yana biya wa ƙolo. Wannan shi ne bin yaro gwargwadon ƙarfinsa, a wurin da malami ɗaya ke riƙe da yara masu yawa ba kwali ba benci. Shirin KaLMA da aka fara a Wudil da Dawakin Tofa a 2019, bisa dabarar ƙungiyar Pratham ta Indiya, kusan haka ya yi: a auna karatun yaro, a haɗa shi da waɗanda suke mataki ɗaya.

Har ila yau, ga dajin kansa. Kamuku, wanda aka keɓe a 1936, ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, yaran yankin sun san shi fiye da marubucin littafinsu. Sun san doka da maje da kaɗanya da ɗorawa, sun san lokacin da kowace ke fure, da wadda ake saƙa amya a kanta. Darasin kimiyya da ya fara da tambayar yaro me ya sa ganyen doka ke fitowa ja kafin saukar damina ya riga ya sa shi bincike. Sai dai mu yi hattara. Ga wasu yaran, daji shi ne inda aka tsare uba ko wa. Malamin da ya san ɗalibansa shi zai san wanda za a tambaya da wanda za a ƙyale.

5.0 Kammalawa

Ba mu ƙi wannan hanya ba, yadda ake sayar da ita muka ƙi. Shawararmu uku ce. A auna karatu da lissafin kowane yaro a farkon zango, a raba aji bisa sakamakon, ko da na sa'a guda ne kullum. A bar malami ya buɗe darasi da Hausa a ƙananan azuzuwa. Kwalejojin ilmi kuma, irin ta Gidan Waya, su ƙarfafa sanin darasi kafin salon koyar da shi. Mu malaman jami'a da kwaleji mu ne muka yaye waɗannan malamai, da lacca da shifta muka koya musu cewa lacca da shifta ba su da kyau. Gyaran, saboda haka, daga azuzuwanmu ya kamata ya fara.