4.3 Raunin Zuciya da Hanyar Warkewa a Cikin Shaihu Umar

Yawancin waɗanda suka nazarci littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa sun fi mayar da hankali ga jigon bauta da cinikin bayi ta hanyar Sahara, wasu kuma ga jigon haƙuri da yarda da ƙaddara. A wannan sashe za a duba abin da ke kwance a ƙarƙashin waɗannan jigogi, wato halin da zukatan taurarin suka shiga bayan masifa ta faɗa musu. Za a ga wanda ya warke da wanda bai warke ba, da kuma irin maganin da marubucin ya tanadar wa kowannensu.

An buga littafin a shekarar 1934, bayan gasar ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a 1933 a ƙarƙashin Hukumar Fassara ta Zariya. A lokacin marubucin bai wuce shekara 22 ba, yana malamin makaranta a Bauci. Ya kamata a lura cewa sai a 1936 aka yi dokar da ta soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya. Ke nan a cikin masu karatun farko akwai waɗanda iyayensu ko kakanninsu suka ɗanɗani abin da littafin ke faɗa. Miki ne da bai gama ƙamewa ba marubucin ya taɓa, kuma wannan zai taimaka wajen fahimtar irin taka-tsantsan ɗin da ya yi.

Idan aka jera abubuwan da suka sami Umar, za a ga sun isa su gigita babba, balle yaro. Mahaifinsa ya rasu tun kafin a haife shi. Makau, wanda ya auri uwarsa ya zame masa uba, fadawa suka yi masa ƙazafi aka kore shi daga Kagara. Uwar ta tafi ganin iyayenta ta bar shi a hannun amana, aka sace shi, kura ta kashe ɓarawon a daji, daga baya ya faɗa hannun masu kamun bayi, har aka kai shi Kano. Daga nan Balarabe Abdulkarim ya ɗauke shi ya ƙetare hamada da shi zuwa Ber Kufa. Bayan ya girma ya ga uwarsa a Tarabulus, ta rasu jim kaɗan da haɗuwarsu, sannan a hanyar dawowa guguwar rairayi ta binne ayarinsu, shi ya tsira. Amma mutumin da mai karatu ya tarar a farkon littafin, zaune cikin almajiransa a Rauta, dattijo ne natsattse wanda ba a jin ɗaci a bakinsa. Tambayar ita ce, ta yaya marubucin ya kai shi nan?

Abu na farko da ya ba shi gida ne. Abdulkarim bai riƙe Umar riƙon bawa ba, riƙon ɗa ya yi masa, ya sa shi makaranta, har ya yi karatu a wurin Shaihu Mas'ud ya zama malamin da ake ji da shi. Yaron da aka yi ta miƙawa daga hannu zuwa hannu kamar haja ya sami wurin da zai kwana ya tashi ya tarar da fuskokin jiya. A ganin wannan nazari, nan marubucin ya fi nuna basira, domin abin da ya kawo ya dace da abin da masana lafiyar ƙwaƙwalwa suka tabbatar daga baya, cewa yaron da ya ga tashin hankali ya fi buƙatar babba guda da zai dogara da shi, da rayuwa mai tsari wadda ba ta sauyawa kullum. Shekara 20 bayan fitowar littafin, wato a 1954, Dokta Thomas Adeoye Lambo ya soma wani tsari a Aro kusa da Abekuta, inda masu taɓin hankali ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa asibiti da rana. Tushen tunanin ɗaya ne: zama cikin mutane shi kansa magani ne. Karatun ma ya yi wa Umar aiki biyu. Ya ba shi matsayi, aka daina ganinsa a yaron da aka saya, ya kuma ba shi ma'anar da zai jingina wahalarsa a kanta, wato ƙaddara.

Akwai kuma magani na uku wanda ke cikin zubin littafin kansa. Almajirai ne suka tambayi malaminsu asalinsa, shi kuma ya buɗe baki ya faɗa, daga farko har ƙarshe, a gaban mutanen da ke ganin girmansa. Mutumin da ke iya jera masifarsa daki-daki, wannan ya faru sannan wannan, ya riga ya fi ƙarfinta. Wanda abin ke ci har yanzu yakan kasa, ko ya yi ta tsalle a cikin labarin, ko ya guje masa ɗungum.

Sai dai a nan ne kuma raunin littafin yake. Masu iya magana kan ce labarin zuciya a tambayi fuska, to amma marubucin bai cika nuna mana fuskar Umar ba. An nuna mana ciwon, an nuna mana lafiyar, ba a nuna jinyar ba. Tun 1980 likitocin ƙwaƙwalwa a Amurka suka shigar da ciwon firgicin da ke biyo bayan masifa cikin kundinsu na cututtuka, kuma alamominsa sanannu ne: razana ba dalili, rashin barci, dawowar abin a mafarki ko a farke, da gudun duk abin da zai tuna shi. Ba a ce dole marubucin 1934 ya san wannan suna ba, amma duk uwar da ta taɓa renon maraya ta san alamomin. Umar kuwa ya ratsa duk waɗannan masifu kamar wanda ruwa ya daka bai jiƙe ba. Ana iya kare marubucin da cewa dattijon malami ne ke magana da almajiransa, kuma kunya da kamun kai ba za su bar shi ya ce ya kwana yana kuka ba. A. H. M. Kirk-Greene, a lakcarsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, ya sa haƙuri da kunya cikin halaye goma da Bahaushe ke auna mutum da su, kuma Umar an gina shi ne ya zama madubin waɗannan halaye. Wannan uzuri yana da ƙarfi, amma bai rufe ɓarakar duka ba, domin wanda aka gina ya zama madubi yakan rasa wani abu na mutuntaka. Wuri ɗaya ne abin da aka danne ya ɓullo, wato mafarkin da ya yi wanda ya tayar masa da begen uwarsa bayan shekaru masu yawa, har ya kasa zama sai ya tafi nemanta. Wannan mafarki ya nuna cewa ilimi da daraja sun lulluɓe mikin ne kawai. Da marubucin ya ƙara tsayawa a wannan gaɓa, da tauraron ya fi haka rai.

Uwar Umar ita ce ke ɗauke da nauyin da aka sauke wa ɗanta. Duk abin da aka hana mu gani a jikinsa, a jikinta aka nuna shi. Ta bar gida ta bi sawunsa, aka yaudare ta da alkawarin kai ta inda yake, aka sayar da ita, ta kai ƙara gaban alƙali a Murzuk, ta ƙare baiwa a Tarabulus, baƙin ciki da wahala suna cin ta har ta zama abin tausayi. Idan aka gwada ta da ɗanta za a ga ba haƙuri ta rasa ba, don ta fi kowa haƙuri a littafin. Abin da ta rasa shi ne sauran magungunan: ba gida, ba makaranta, ba matsayi, ba almajiran da za su zauna su saurare ta. Labarinta ma ta bakin ɗanta ya iso mana. Saboda haka wanda ya ce littafin yana koyar da cewa haƙuri maganin zaman duniya ne, rabinsa ya karanta. Mutum biyu suka yi haƙuri, ɗaya ya zama shaihi, ɗaya ta mutu a baƙuwar ƙasa, kuma bambancinsu yana ga abin da jama'a suka yi musu. Ko marubucin ya nufi haka ko bai nufa ba, zubin labarin ya faɗe shi.

Za a iya gwada wannan da Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda ya fito a zamani ɗaya. A can Abubakar, da aka raba shi da Zainabu saboda dukiyar Malam Shehu, ya mayar da ƙuncinsa ramuwa, ramuwar kuma ta ci yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Wato littattafan biyu sun yarda cewa ciwon zuciya ba ya zama wuri ɗaya, dole ya nemi mafita.

Dalilin da ya sa wannan nazari ya matsa a kan rashin nuna jinyar Umar shi ne, littafin ya daɗe a hannun ɗaliban makaranta, kuma abin da yake bayarwa labari bai zama tarihi ba. A watan Fabrairu na 2021 'yan bindiga suka shiga wata makarantar gwamnati a Kagara ta Jihar Neja, gari mai suna ɗaya da garin su Umar, suka kwashi ɗalibai 27 tare da ma'aikata da iyalansu, aka sako su bayan kwana 10. Kafin wannan an yi na Cibok a 2014 da na Ƙanƙara a 2020. Yaron da ya dawo daga daji yana zabura cikin dare, idan aka miƙa masa Umar a matsayin abin koyi, zai iya ɗauka cewa firgicinsa ƙarancin imani ne, tunda shaihin bai taɓa firgita a gabansa ba. Malamin da ke koyar da littafin zai fi yi wa irin wannan yaro adalci idan ya tsaya da shi a kan mafarkin, da kuma a kan shekarun da Umar ya yi a gidan Abdulkarim kafin ya iya buɗe baki.

Sashe na gaba zai duba yadda fim ɗin da Adamu Halilu ya shirya daga littafin a 1976 ya sarrafa wurin haɗuwar uwa da ɗa a Tarabulus.