Abin da Ake Sayar wa Baƙo a Gidajen Wiski na Sikotlan

Tun da kamfanin Glenfiddich ya buɗe wa baƙi ƙofarsa a garin Dufftown a 1969, zagaya gidajen dafa wiski ya zama babban reshe na yawon buɗe ido a Sikotlan, har ziyarar ta haura miliyan 2 a shekarar 2019 kaɗai. Mai kallo daga nesa zai ɗauka sha ne ke kai mutane. Tsarin zagayen kuwa yana nuna akasin haka, domin ɗanɗanawa ce ke zuwa a ƙarshe, kuma 'yar kaɗan ce a gindin kofi. Hajar da ake tallata wa baƙo ita ce wurin da kuma shekarun da aka yi ana jira.

Ana fara nuna masa sha'ir da aka jiƙa har ya tsira aka busar. A tsibirin Islay, gidaje irin su Laphroaig kan busar da shi da hayaƙin ruɓaɓɓiyar ciyawar fadama, wadda ake haƙowa kamar tubali, shi ya sa abin shansu ke ƙaurin hayaƙi. Daga nan sai manyan kwatarnin tsimi, sai tukwanen jan ƙarfe masu dogon wuya inda ake tace ruwan ta hanyar tururi, galibi sau biyu. Zagayen kan tsaya a rumbu mai sanyi da duhu, inda gangunan katako ke jere, kowace da shekararta a rubuce a goshi. A nan jagora zai ce kusan kashi 2 cikin 100 na abin da ke ciki yana bin iska duk shekara. Wannan asarar ita ake mayarwa abin alfahari, don ita ce shaidar cewa an yi haƙuri.

Wani zai ce ai duk talla ce, tunda yawancin gidajen da ke kiran kansu na gargajiya mallakar manyan kamfanoni ne: Lagavulin na Diageo ne, Glenlivet kuma, wanda George Smith ya sami lasisinsa a 1824, yana hannun Pernod Ricard na Faransa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ƙananan gidaje irin Kilchoman, wanda aka kafa a 2005 kuma yake noma wani ɓangare na sha'irinsa, ba su da yawa. Sai dai tallar tana da turke. Dokar 2009 ta tanadi cewa ba a kiran abin sha wiskin Sikotlan sai an dafa shi a ƙasar, ya kuma shekara uku aƙalla a ganga a can. Kuɗi ba ya gajarta wannan wa'adi, ba ya kuma ɗauke rumbun zuwa wata ƙasa.

Mai karatu Musulmi zai ce giya haramun ce, me ya kai mu? Hukuncin yana nan daram, nazarin sana'ar kuma bai taɓa shi ba. Abin lura shi ne dabarar: mutanen ƙauyuka masu nisa sun ɗaure sunan kayansu da sunan ƙasarsu, doka ta tsare musu shi, har baƙo ke biyan kuɗin mota da jirgin ruwa don ya ga inda ake yi. Masu rini da jima da saƙa na wajenmu su ma suna da wurin da tarihin. Abin da ya rage musu shi ne dokar da za ta hana wani cin kasuwa da sunansu.