Jinjina ga Masu Tsaron Matan Fada

Wasu garuruwan da siminti suke gina filin wasa, ita kuwa Argungu kogi ne filinta. Tun 1934, da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar da ta binne gabar Sakkwato da Kabi, ake taruwa a nan don bikin kamun kifi. Sarkin Ruwa da mutanensa ke tsare kogin Matan Fada, su hana kamun kifi har ranar biki, don giwan ruwa ya samu ya ƙosa. Da an ba da izini, sai dubban masunta su auka ruwa, ƙirji kan gora, homa a hannu. UNESCO ta karrama bikin a 2016. Kabawa, a gaishe ku da aiki.