Randar Ladi Kwali a Ma'aunin Nazari: Tsokaci a kan Kalmar "Gargajiya"

1.0 Gabatarwa

Garin Sheda yana cikin Ƙaramar Hukumar Kwali a Yankin Babban Birnin Tarayya, a bakin hanyar da ta tashi daga Abuja zuwa Lakwaja. Masana harsuna sun san shi ne saboda a nan hedikwatar Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Nijeriya take, wato NERDC, wadda ke kula da daidaita ƙa'idojin rubutu da samar da keɓaɓɓun kalmomi a harsunanmu. Tafiya kaɗan daga nan sai garin Kwali, mahaifar Ladi Kwali, maginiyar tukwane wadda hotonta ke bayan takardar naira 20 tun daga 2007.

Wannan maƙala za ta yi nazarin aikin wannan baiwar Allah ta fuskar sunan da ake kiran sa da shi. A yawancin rubuce-rubuce, ana kawo randunanta na gidajen adana kayan tarihi a matsayin misalin "fasahar gargajiya". Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, wannan laƙabi ya cakuɗa abubuwa biyu mabambanta, kuma hanyar da manazarta adabin Hausa suka bi suka rarrabe adabin baka da rubutaccen adabi ita ce za ta warware cakuɗar.

2.0 Taƙaitaccen Tarihi

An haifi Ladi Kwali a wajen 1925 a cikin al'ummar Gbari, waɗanda Hausawa ke haɗa su da 'yan'uwansu Gbagyi su kira su Gwari. Sunanta na Hausa ne, wanda akan sa wa macen da aka haifa ranar Lahadi, abin da ke nuna daɗewar cuɗanya tsakanin al'ummomin biyu. A ƙasarsu ginin tukwane sana'ar mata ce, kuma a hannun wata 'yar'uwar iyayenta ta koya tun tana yarinya. Tun kafin Turawa su san da ita sunanta ya kai fada, domin Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara wasu daga cikin randunanta.

A fadar ne wani Baturen Ingila mai suna Michael Cardew ya fara ganin aikinta. Gwamnatin mulkin mallaka ce ta ɗauke shi jami'in ginin tukwane a 1950, ya kuma kafa cibiyar koyar da sana'ar a Abuja a farkon shekarun 1950. Ya kamata a lura cewa Abujar da ake nufi ita ce Suleja ta yanzu, domin bayan dokar 1976 da ta kafa sabon babban birni ne aka ɗauki sunan aka ba shi. Ladi Kwali ta shiga cibiyar a 1954, ita ce mace ta farko. An nuna aikinta a Landan a 1958 da 1959 da 1962, ta zagaya Amurka tare da Cardew a 1972, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta kuma sami lambar cancanta ta ƙasa a 1980. Ta rasu a Minna a 1984.

3.0 Randa Biyu Masu Suna Ɗaya

Turanci yana kiran manyan ayyukanta da suna ɗaya mai ma'anar "mazubin ruwa". Hausa kuwa ta rarrabe tulu, mai ƙaramin baki wanda ake ɗebo ruwa da shi, da randa, mai faɗin ciki wadda ake girkewa a zuba ruwa. Ga kuma tukunya da kasko da kwatarniya da shantali da tanda, kowanne da aikinsa. Idan aka bi wannan ma'auni, ayyukan da suka fitar da sunanta sun fi kusa da randa, don haka da wannan suna za a kira su a nan. To amma randunan nata iri biyu ne, kuma za a kwatanta su ta fuska uku: gini, zane, da amfani.

3.1 Gini

Randar Kwali da hannu ake gina ta. Maginiya takan ɗora curin yumɓu, ta buɗe cikinsa, ta riƙa jan bangon sama tana ƙara murzajjen yumɓu, tana kewaya randar da ƙafa. Wato randar tana zaune, mai ginin ce ke juyawa. Bayan ta bushe sai a gasa ta a fili da itace da ciyawa, cikin zafin da da wuya ya wuce digiri 900, a kuma yayyafa mata makuba tun tana da zafi don ta yi duhu da ƙarfi.

A cibiyar Abuja Ladi Kwali ta koyi aiki da faifan juyi, ta yi kwanuka da kofuna da butocin shayi da shi. Amma manyan randunanta da hannu ta ci gaba da gina su kamar yadda ta gada. Abin da ya sauya shi ne ƙasa da wuta. An haɗa mata yumɓun tangaran, ana shafe randar da ruwan ƙyalli, ana gasa ta a tanderu cikin zafin da ya haura digiri 1200. Ke nan hannun na Kwali ne, jikin kuwa na wata al'ada ce da Cardew ya zo da ita.

3.2 Zane

A nan ne gwanintarta ta fi fitowa fili. Takan raba cikin randar zuwa gidaje da layuka na tsaye da na kwance, ta cika wasu da ɗige-ɗigen da ake yi da murɗaɗɗen zare ko ɗan icce mai tsaga, sannan ta tsaga siffar dabba a sauran: ƙadangare, kada, hawainiya, kunama, maciji, kifi, ko tsuntsu. Ba ta bin kamannin dabbar sau da ƙafa. Takan shimfiɗe ta kamar fatar da aka shanya, ta miƙe gaɓoɓinta har su cika gidan da aka ware mata, ta yadda siffar ke bin kumburin randar. Wannan ma'auni tsakanin gida mai dabba da gida mai ɗigo yana kama da yadda mawaƙi ke jera ɗango da amshi.

A randar Abuja ana cusa farar ƙasa a cikin tsagar, sai zanen ya fito fari a ƙarƙashin ƙyalli mai duhu, har a hango shi daga nesa. Wannan riba ce ga mai kallo. Sai dai akwai hasara, domin ƙyallin yakan cike tsagar ya shafe kaifinta. A randar Kwali yatsa yana jin zanen kamar yadda ido ke ganin sa, a ta Abuja kuwa an bar wa ido aikin kusan shi kaɗai.

3.3 Amfani

Duk wanda ya sha ruwan randa ya san dalilin sanyinsa. Jikinta yana da ƙananan ƙofofi, ruwa yana tsattsafowa, iska tana busar da shi, ta tafi da zafin. Haka kuma tukunyar ƙasa tana jure harshen wuta a kan murhu. Randar tangaran ba ta tsattsafo, don haka ba ta sanyaya ruwa. Ta fi ta ƙasa nauyi nesa ba kusa ba, kuma kuɗinta ya fi ƙarfin matar da ke zuwa rafi. Saboda haka masu sayenta Turawa ne da manyan ma'aikata da gidajen adana kayan tarihi. Idan aka auna ta da ma'aunin matar da ke ƙwanƙwasa randa a kasuwa don ta ji amonta, ta kasa. Idan aka auna ta da ma'aunin ƙarko da kyan gani, ta yi zarra. Abu ɗaya ba zai ci ya kuma faɗi a jarrabawa ɗaya ba. Abin da ya faru shi ne jarrabawar biyu ce, sunan ne kawai ɗaya.

4.0 Misalai Daga Wasu Ƙasashe

Wannan matsala ba ta Nijeriya ba ce ita kaɗai, kuma tushenta yana cikin tarbiyyar Cardew kansa. Shi almajirin Bernard Leach ne, wanda ya kafa masana'antar tukwane a garin St Ives na Ingila a 1920 tare da Hamada Shoji, mutumin Japan. Abokinsu Yanagi Soetsu shi ne jagoran tafiyar da aka sani da "mingei", kalmar da suka ƙirƙira a tsakiyar shekarun 1920 da nufin sana'ar hannu ta talakawa. Aƙidar tafiyar ita ce kyau na ainihi yana cikin kayan amfanin yau da kullum masu araha, waɗanda ba a san sunan mai yin su ba. Amma a 1955 gwamnatin Japan ta naɗa Hamada a cikin gwanayen da ake ɗauka taskar ƙasa, kayansa suka yi tsadar da talaka ba zai iya saye ba.

Haka abin ya kasance ga Maria Martinez, 'yar asalin ƙauyen San Ildefonso a jihar New Mexico ta Amurka, wadda ta rasu a 1980. Ita da mijinta Julian sun fito da baƙaƙen tukwane masu sheƙi, ta fara sa hannu a kansu a shekarun 1920, suka koma kayan ado na sayarwa. A duk misalan uku tafarkin ɗaya ne: ana yabon sana'a saboda ta jama'a ce kuma ta amfani ce, sai yabon ya ware mutum ɗaya, ya ba shi suna, ya raba kayansa da amfanin. A cibiyar Abuja ma kowane magini yana da hatiminsa, na Ladi Kwali shi ne haruffan LK.

5.0 Darasi Daga Nazarin Adabi

Manazarta Hausa sun taɓa fuskantar irin wannan lamari. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, wadda ta haifar da littattafai irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Kamancin a fili yake: jami'in mulkin mallaka, da hukuma, da kayan aiki na baƙunta, da haziƙin ɗan ƙasa wanda ya zo da abin da ya gada. Imam ya ɗebo daga tatsuniya da hikaya, amma babu manazarcin da ke kiran littafinsa adabin baka. An ba shi gurbinsa na rubutaccen adabi, mai marubuci da shekara da masu karatu, an kuma bar wa tatsuniya nata gurbin da nata ma'aunin.

Wannan rabo ne ba a yi wa ginin tukwane ba. Kiran randar Abuja "ta gargajiya" yana tauye ɓangarori biyu. Yana tauye Ladi Kwali, domin yana mayar da ita mai maimaita abin da ta tarar, alhali ita ce ta ɗauki siffar Kwali ta sa ta cikin sabon jiki, ta kuma buɗe ƙofa ga matan da suka biyo ta cibiyar, irin su Halima Audu da Lami Toto da Asibi Ido da Kande Ushafa. Tasirinta ya kai ga Magdalene Odundo, 'yar Kenya, wadda ta zo Abuja neman ilimi a 1974. Yana kuma tauye matan Kwali da ƙauyukanta, domin idan mai ƙyalli ce ta gargajiya, to tasu ta zama gurguwar kwaikwayo ke nan. Abin da suke samu bai wuce na ƙadangare ba, wanda albarkacin kaza yake shan ruwan kasko, alhali kaskon nasu ne.

Don haka ana ba da shawarar a riƙa cewa "ginin tukwane na gargajiya" ga wanda ake gada a gida, ake gasawa a fili, ake yi don amfani, a kuma ce "ginin tukwane na zamani" ga wanda ake koya a makaranta, ake gasawa a tanderu, yake ɗauke da hatimin mai shi. Ladi Kwali gwana ce a duka biyun, kuma wannan shi ne ainihin matsayinta.

6.0 Kammalawa

An nuna a wannan maƙala cewa randunan Ladi Kwali iri biyu ne, sun yi tarayya a hannun da ya gina su da zanen da ke jikinsu, sun rabu a ƙasa da wuta da amfani. Saura aikin da ya rataya a wuyan masana harsuna. Takardar naira 20 tana ɗauke da ƙimarta a Hausa da Ibo da Yarabanci, harshen matar da ke jikinta ba ya ciki. Manyan ayyukan da ake komawa gare su, kamar littafin Sylvia Leith-Ross na 1970 a kan tukwanen Nijeriya da nahawun Gwari na Hyman da Magaji na wannan shekarar, da Turanci aka rubuta su. Ma'aunin da maginiya ke yanke hukunci da shi kuwa yana cikin kalmominta: yadda take kiran nau'o'in yumɓu, da sassan randa, da kowane zane, da aibin da ke sa a ƙi saye. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya nuna cewa ana iya yi wa fannin nazarin harshe da adabi irin wannan hidima. Ya dace a yi wa sana'o'in hannu makamanciyarta, a Gbari da Gbagyi da Hausa, tun masu kalmomin suna raye, domin roba da ƙarfe sun riga sun ture randa daga gidaje da yawa. Daga Sheda zuwa Kwali ba nisa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.